Matsalolin Fedar Kuloci da Hanyoyin Gano Su a Motocin Haya na Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga tashar Rijiyar Zaki ta Kano, ya bi ta Janguza da Rimin Gado ya nufi Kabo ko Gwarzo, da wuya a ce bai taɓa cin karo da mota a gefen titi ba, an sauke buhuna an jingine, fasinjoji kuma sun nemi inuwa. In aka tambayi direba abin da ya auku, amsarsa ba kasafai take wuce kalmomi uku ba: "Kuloci ya tafi." Maƙasudin wannan takarda shi ne mu warware waɗannan kalmomi uku, domin a ƙarƙashinsu akwai larurori da dama da ba su haɗa hanya ba. Biyu daga cikinsu ma kishiyoyin juna ne, maganin ɗaya shi ke tsananta ɗayar. Abin da muke son nunawa shi ne, fedar da direba ke takawa tana faɗin inda cutar take tun kafin a ɗauki sifana, kuma sau da yawa cutar a waje take, tsakanin ƙafar direba da jikin giya, inda gyara ba ya bukatar a sauke kome.

Mun zaɓi wannan yanki ne saboda dalilai biyu. Na farko, ko da yake motoci masu sauya giya da kansu sun yawaita a birni, motar da ke ɗauko masara da dawa daga kasuwar Getso, ko ta kwaso kayan noman rani daga ƙauyukan Kabo, galibi mai giyar hannu ce. Haka abin yake tun zamanin Fijo 504, wadda kamfanin Peugeot na Kaduna, da ya soma aiki a 1975, ya wadata ƙasar nan da ita, har zuwa Golf da Sharon da Hiace da Kanta da suka gaje ta. Babban titin kuwa, wanda ya wuce Gwarzo ya shiga Dayi ta Jihar Katsina, shi kaɗai ne mai sauƙi. Da mota ta sauka daga kansa sai burji, da yashi a rani, da taɓo a damina, ga kuma lodin ranar kasuwa. Dalili na biyu na aljihu ne. Yawancin direbobin nan ba su ne masu motocin ba, kullum akwai balas da za su kai. Kayan gyara masu nauyi kuma sai an je Ƙofar Ruwa a Kano, tafiyar kimanin kilomita 70 daga Gwarzo. Saboda haka in bakanike ya yi kuskuren gano cuta ya sauke giya a banza, kwana biyu ko uku na abincin gida ke nan suka salwanta, ban da kuɗin kayan da ba a bukata.

Yadda kuloci ke aiki

Da zarar an tayar da inji ba ya daina juyawa. Ko mota na tsaye yakan yi zagaye wajen 700 zuwa 900 a minti guda. Ƙafafun mota kuwa dole su tsaya wani lokaci, kuma haƙoran giya ba sa yarda su sauya mazauni alhali ƙarfin inji na kansu. Kuloci shi ne mai shiga tsakani, ya haɗa inji da giya in ana so, ya raba su in ana so.

Sassa uku ne ke yin wannan aiki, kuma ya kamata mu daidaita a kan sunayensu, gama mun sha jin makanikai biyu sun saɓa a kan wane ne "filet" wane ne "dis". A nan za mu kira babban ƙarfen nan mai nauyi da ke ɗaure a bayan inji faifan inji. Na tsakiya, wanda aka lulluɓe fuskokinsa biyu da wani abu mai kaushi aka kafe da ƙusoshi, shi ne farantin kuloci. Abin nan mai kaushi kuma mu kira shi fata, ko da yake ba ta dabba ba ce. Cibiyar farantin tana zaune a kan sandar giya mai tsage-tsage, yadda zai iya matsawa gaba da baya amma ba zai juya ba sai tare da sandar. Na uku shi ne murfin matsi, wanda ake ɗaurewa a jikin faifan inji. A cikinsa akwai sifirin mai siffar faifan rufe ƙwarya, an tsattsaga tsakiyarsa ta zama 'yan yatsu.

Misalin abin kamar mutum ne ya sa faifai tsakanin tafukansa biyu ya matse. In ya juya hannu faifai ya juya, in ya sassauta hannu ya juya shi kaɗai. To, a nan ne ɗalibanmu da yawa ke juya zance. Ƙarfin matsewar nan ba daga ƙafar direba yake fitowa ba, daga sifirin ne. Aikin ƙafa ɗaya ne tak, watau ta danne 'yan yatsun sifirin domin ya saki faranti. Taka feda saki ne, ɗaga ƙafa kuma kamawa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin ilmin.

Saƙon ƙafa yakan isa wurin sifirin ta ɗayan hanyoyi biyu. Akwai motocin da ke amfani da kebur, watau wayar ƙarfe a cikin kube, irin wadda aka fara yi wa kekuna a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19. Haka Volkswagen ɗin nan mai siffar kunkuru take, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975, haka kuma yawancin Golf masu ƙaramin injin fetur da ke haya a wannan hanya. Akwai kuma masu amfani da man birki, kamar 504 da Hiace da Sharon. A cikinsu feda tana tura fistan a wata 'yar silinda da makanikanmu ke kira kulocin sama, man ya bi bututu ya tura wani fistan a kulocin ƙasa da ke jikin giya. Wannan ya dogara ne a kan ƙa'idar da Bafaranshen nan Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yakan isa ko'ina cikinsa daidai. Ko ta wace hanya saƙon ya bi, ƙarshensa wani ƙarfe ne mai baki biyu kamar gwafa, shi ke tura boris, boris kuma ya danne 'yan yatsun sifirin.

Cututtuka biyu masu kishi

Tambayar farko da ya kamata bakanike ya yi ita ce: kulocin ya ƙi saki ne, ko ya ƙi kamawa?

Alamar ƙin saki ita ce giya ta ƙi shiga, ko ta shiga da ƙara, mota kuma ta riƙa jan jiki ko da an take feda har ƙasa. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo. A kashe inji a gwada dukkan giyoyi. In sun shiga sumul, a tayar da inji, a take feda, a ƙirga uku, sa'an nan a nemi giyar baya. An zaɓi ta baya ne domin a yawancin motocin nan ba ta da zoben da ke daidaita gudu kafin haƙora su haɗu, don haka ba ta ɓoye laifi. In ta yi ƙara, faranti bai rabu da faifan inji ba. In kuwa giya ta ƙi shiga ko inji na kashe, to a bar kuloci ya huta, laifin na sandunan giya ne ko na cikinta.

Ƙin kamawa kuwa shi ne inji ya yi ta kuka mota ba ta ƙara gudu, musamman da kaya a hawa, wani lokaci har da ƙaurin ƙuna. A ja birkin hannu sosai a fili inda babu kowa a gaba, a sa giya ta uku ko ta huɗu, a ɗan ba da totur, a ɗaga ƙafa a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe inji nan take. In inji ya ci gaba da juyawa ƙafa na sama, faranti na sulɓewa. Sau ɗaya ake wannan gwaji, domin kowane maimaici ƙara cin fatar yake yi.

Abin lura shi ne, ƙin saki mafi yawa laifin hanya ne, watau feda ko kebur ko silinda, tun da saƙon ƙafa ne bai isa cikakke ba. Ƙin kamawa ya fi karkata ga ciki. To amma ko shi ɗin, kamar yadda za mu gani, akwai lokacin da daga waje ake haddasa shi.

Motoci masu kebur

In aka taɓa feda da hannu, ya kamata ta ɗan sauka sako-sako kafin a ji ta yi nauyi. Wannan 'yar tazara ita muke kira wasan feda. A kunkuru, alal misali, milimita 10 zuwa 20 aka ƙayyade. Amfaninta shi ne ta tabbatar boris bai danne sifirin ba sa'ad da ƙafa ke sama.

Abubuwa biyu ne ke ja-in-ja da wannan wasa. Yayin da fata ke cinyewa, faranti na sirancewa, 'yan yatsun sifirin sai su riƙa tasowa waje suna matso boris, wasa ya yi ta raguwa har ya ƙare. Daga nan kebur ɗin da kansa ya zama kamar ƙafar da ba ta sauka daga feda ba, kuloci ya soma sulɓi alhali da sauran rai a fatarsa. Ɗaya ɓangaren kuma kebur yana miƙewa da tsufa, wasa ya yi yawa, rabin takun direba ya tafi a banza, kuloci ya ƙi saki. Duka biyun noti guda ne ke gyara su, amma ɗaya sassautawa yake so ɗaya ɗaurewa. Bakaniken da bai tambaya ba, ya ji "kuloci" kawai ya hau ɗaure noti, zai iya ƙone farantin da zai yi wata shida nan gaba cikin mako guda. Wasu Golf ɗin suna da kebur mai daidaita kansa. In na'urar daidaitawar ta maƙale da ƙura, feda takan kwanta ƙasa ko ta riƙa ƙas-ƙas. Wannan sauya kebur ɗin ya fi a yi ta fama da shi.

Feda mai tauri kuma a fara zargin kebur. A cire bakinsa daga gwafa a taka. In har yanzu da tauri ko gargada, zaruruwan wayar sun fara tsinkewa a cikin kube, ko kuben ya lanƙwashe, ko ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar ƙasar gini.

A nan za mu kawo wani abu da muka shaida a wani gareji a bakin wannan hanya. An kawo Golf fedarta ta yi tauri, giya na ƙara. Aka sauke giya, aka aika Kano aka sayo faranti da murfi da boris, aka ɗaura, bayan kwana biyu aka tayar, cuta na nan inda take. Da aka zaro kebur sai ga robar cikin kubensa ta narke ta manne da waya. Ashe a wani aiki da aka yi wa injin can baya an manta ba a mayar da wayar nan mai kauri da ke haɗa inji da jikin mota ba. Wutar da sitata ke ja, da ta rasa hanyar komawa batir, sai ta riƙa bi ta kebur ɗin kuloci tana gasa shi kullum safiya. Abin da ya ci kwana biyu da kuɗin kaya uku, aikin rabin sa'a ne. Tsohon farantin kuwa da muka duba, ko rabi bai ci ba.

Motoci masu man birki

A nan ne aka fi samun ruɗani, a nan kuma feda ta fi iya magana.

A fara da kofin mai. In ya yi ƙasa, man bai ƙafe ba, wani wuri ya bi. A leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila, a shafa inda sandar feda ta shiga kulocin sama. In da danshi, ko fentin wurin ya kwaile, ko shimfiɗar ƙasa ta jiƙe, robar bayan silindar sama ce ta mutu. Mutane da yawa ba sa duba nan domin ba sa zaton mota na yoyo ta ciki. Sa'an nan a shiga ƙarƙashi a ɗage robar da ke rufe bakin kulocin ƙasa; lafiyayye a bushe yake. A bi bututu kuma da ido, musamman guntun nan na roba da ke tsakanin jikin mota da giya.

Akwai wani gargaɗi da ya wajaba a nan. A wasu motoci, kamar Sharon, kofi guda ne ke ba birki da kuloci mai. Masu ƙirar da gangan suka sa bakin bututun kuloci sama da na birki, domin in mai ya ragu kuloci ya fara rasawa, birki ya tsira. Saboda haka a irin wannan mota, fedar kuloci da ta faɗi ƙasa tana iya zama sanarwa ce cewa birki na yoyo. Bakaniken da ya cika kofi ya sallami direba da fasinjoji ba tare da ya duba ƙafafu huɗu ba, ya toshe bakin mai gargaɗi ne kawai.

In kofi cike yake, babu yoyo, amma feda ta yi laushi kamar ana taka soso, kuma in an yi mata famfo sau uku ko huɗu sai ta dawo, to iska ce ta shiga. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka takun direba yakan ƙare wajen matse kumfa maimakon tura fistan. Akwai kuma wata cuta mai kama da wannan wadda ba ita ba ce. A sa giya ta ɗaya inji na aiki, a take feda har ƙasa a riƙe, ɗaya ƙafar na kusa da birki. In da farko mota ta tsaya cik, amma bayan 'yan daƙiƙu ta soma jan jiki alhali ƙafa ba ta motsa ba, robar gaban fistan na sama ce ke barin mai ya sulale ya koma kofi. Ba za a ga ɗigo ko ɗaya a waje ba, kuma ko an kwana ana fitar da iska ba za ta warke ba.

Wanda ya fi duka wahalar ganewa shi ne wannan. Mota ta tashi daga Rijiyar Zaki lafiya lau, kafin Rimin Gado kuloci ya soma sulɓi, a tsaya a huta ya dawo daidai, a sake tafiya ya sake. Kowa zai ce faranti ya ƙare. Amma a cikin silindar sama akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa sa'ad da feda ta dawo sama sarai, ta bar rarar mai ya koma kofi. Ta wannan ƙofa ce irin wannan kuloci ke daidaita kansa yayin da fata ke cinyewa. In wani ya tsawaita sandar feda fiye da kima don ya "ɗaga kuloci", ko robar ciki ta kumbura, ƙofar ba za ta buɗe ba. Mai ya ɗauki zafin inji ya faɗaɗa, ya rasa mafita, sai ya tura gwafa da kansa. Hanyar tabbatarwa ita ce, lokacin da sulɓin ke faruwa a ɗan buɗe notin fitar da iska na kulocin ƙasa. In mai ya yi tsartuwa da ƙarfi ba wanda ya taka feda, kulocin kuma ya kama nan take, an kama ɓarawo. A motocin Toyota da yawa wasan da ake bari a wannan sanda, in an auna a kan feda, milimita 1 zuwa 5 ne kacal, amma rashinsa na iya cinye sabon faranti.

Me ke kumbura roba? Amsar tana kai mu ga abin da ake zubawa a kofi. Man da aka yi wa waɗannan robobi shi ne mai lamba DOT 3 ko DOT 4. Baƙin mai, da man giya, da man sitiyari, duk daga fetur aka samo su, kuma 'yan kwanaki kaɗan suke bukata su mai da robar ta yi taushi ta kumbura. Ko mazurarin da aka auna baƙin mai da shi ya isa ya yi ɓarna. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa in mai ya tsiyaye a daji yana iya kai mota gari, ba mu musa ba, amma yana cin cikin silinda da tsatsa, kuma a motar da kofinta ɗaya da birki ganganci ne da rayukan mutane. Shi kansa man na gaskiya yana da halin shan danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salsiyas, amma in ya sha ruwa mizanin yakan sauko zuwa wajen 140. Na DOT 4 kuwa daga 230 zuwa 155. Wannan ya sa gwangwanin da aka buɗe aka ajiye a kan tebur tun farkon damina ba abin saye ba ne, kuma man da ya yi baƙi a kofi ya kamata a zubar a wanke hanya da sabo, a ƙalla duk shekara biyu.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. A cika kofi, a sa siririn tiyo a bakin notin kulocin ƙasa, ɗaya bakin a nutsa shi cikin kwalba mai ɗan mai. Na ciki ya taka feda a hankali ya riƙe, na ƙasa ya buɗe noti ya rufe, sa'an nan na ciki ya ɗaga ƙafa. Kuskuren yaran gareji biyu ne: ɗaga ƙafa kafin a rufe noti, da barin kofi ya ƙafe ana tsakiyar aiki. Kowanne yana mayar da iskar da aka fitar.

Game da sauya robobi kaɗai ko sayen silinda sukutum, a zaro fistan a haska cikin silindar. In sumul take, robobi sun isa. In da ramukan tsatsa ko zane da farce ke ji, sabuwar roba ba za ta yi wata guda ba. A ganinmu kuma in ɗaya ta mutu don tsufa, 'yar'uwarta na kan hanya, tun da mai guda suka sha.

Lalle ne mu ambaci inda maganarmu ba ta ci ba. A wasu motocin baya-bayan nan an haɗe kulocin ƙasa da boris wuri guda a cikin ƙoƙon giya. In irin wannan ya yi yoyo za a ga man birki na ɗiga ta ƙasan ƙoƙon, kuma babu makawa sai an sauke giya.

Lokacin da ya halatta a sauke giya

Bayan an tabbatar wasan feda daidai yake, kebur ko silinda lafiya, gwafa kuma tana tafiya cikakkiyar tafiyarta in an taka, amma cuta ba ta gushe ba, to yanzu laifin na ciki ne. Kunne ma na taimakawa. Ƙarar da ke tasowa in an taka feda ta ɓace in an saki, boris ne. Wadda ake ji mota na furi ƙafa na sama, ta yi shiru in an taka, daga cikin giya take, sabon faranti ba zai taɓa ta ba. Ƙiƙi-ƙiƙin da ake ji ko inji na kashe kuwa, ƙusar da feda ke lilo a kanta ce ke neman ɗigon mai. Motar da ke karkarwa wajen tashi, kafin a zargi faranti a duba robobin da inji da giya ke zaune a kansu, gama hanyoyin burji suna tsinka su da wuri.

In an buɗe, kada a wadatu da cire tsoho a sa sabo, a tambayi abin da ya kashe tsohon. Fatar da ta cinye har ƙusoshi suka kusa fitowa ta mutu ne da ajalinta. Littattafan Toyota sun sa iyaka a milimita 0.3 tsakanin fuskar fata da kan ƙusa. Fatar da ta jiƙe da baƙin mai kuwa robar bayan inji ce ko ta gaban giya ke yoyo, in ba a sauya ta ba sabon faranti zai bi sawun tsoho. Faifan inji mai shuɗɗan tabo da 'yan tsage alamar ƙuna ce, yana bukatar a fere fuskarsa. Faranti da murfi da boris tare ake sauya su, domin ladan sauke giya ya fi ƙarfin a biya shi sau biyu saboda boris. Farantin da aka sake wa fata a kasuwa yana da araha, kuma mun san halin da ke sa a saye shi, sai dai mai saye ya sani fata kaɗai aka sabunta. 'Yan sifirin ɗin cibiya da ke shanye fizgar inji tsofaffi ne.

Ƙurar da ke cikin ƙoƙon giya kada a hure ta da baki ko da iskar famfo. An daɗe ana yin fatar kuloci da asbesto, wanda zaruruwansa ke maƙalewa a huhu su haifar da cuta bayan shekaru masu yawa, kuma ba mai iya gane fatar da ke da shi da ido. A goge da jiƙaƙƙen tsumma a jefar. Yaran da ake turawa ƙarƙashin mota su ne suka fi shaƙa.

Wajen ɗaurawa, a lura da fuskar faranti da ke kallon inji, a daidaita cibiyarsa da tsohuwar sandar giya, a ɗaure notocin murfi kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Giris a kan tsagen sanda ɗan shafawa ne, in ya yi yawa juyawa za ta watsa shi kan fata. Kada a bar nauyin giya ya rataya a kan faranti yayin shigarwa. A ƙarshe a mayar da wayar da ke haɗa inji da jikin mota, a auna wasan feda.

Saura abin da ke hannun direba. Ɗora ƙafa a kan feda ana cikin tafiya, da tashi da giya ta biyu da lodi, da riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birki, duk suna rage kwanan fata. Amma babu mai kashe ta farat ɗaya kamar kafewa. Motar da ta ɗauko buhuna daga wani ƙauyen Kabo a watan Agusta ta nutse a taɓo, direba ya ba da totur ya riƙe rabin kuloci yana jijjiga ta gaba da baya, duk ƙarfin injin da bai isa ƙafafu ba zafi yake zama a kan faranti, kuma 'yan mintoci sun isa su gasa fata su kashe ƙarfin sifirin. Da an ji ƙauri a mayar da giya furi, a ɗauke ƙafa gaba ɗaya, a bar inji na juyawa a hankali domin ƙarfen ya huce. Kada a watsa ruwa. A sauke rabin kaya, a haƙe gaban tayoyi a shimfiɗa kara ko rassa, a sa giya ta ɗaya, a saki feda sarai cikin taku guda mutane na turawa. Motar da ta ratsa ruwa mai zurfi kuma kada a ajiye ta a jiƙe. A ɗan yi tafiya da ita ana sauya giya har faranti ya bushe, in ba haka ba bayan kwana uku ko huɗu tsatsa za ta manne shi da faifan inji, a wayi gari feda lafiya lau amma giya ta ƙi shiga.